Ciwon Baya, Wuya da Kafaɗa a Wurin Aiki: Tambayoyi da Amsoshi

Bayan sallar magariba, je ka tsaya bakin kemis ɗin unguwa ka saurara. Tela ya rufe shago, ɗan dako ya sauke motar ƙarshe, mai A Daidaita Sahu ya kai balas, kuma duk bakinsu ɗaya: "A haɗa min na ciwon jiki." A sha a kwanta, gari ya waye a koma kan bencin da ya jawo ciwon, a ɗauki buhun jiya kamar yadda aka ɗauke shi jiya. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Ga tambayoyin da ma'aikata da masu sana'a suka fi yi a kan lamarin.

Wai mene ne wannan ergonomiks da ake ta faɗa?

Ilimin daidaita aiki da jikin mai yinsa ne: tsayin teburi, nauyin kaya, tsawon ƙota, haske, da lokacin hutu. Kalmar daga harshen Girka aka haɗa ta, "aiki" da "ƙa'ida". Amma tunanin ya girmi kalmar. Tun a shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya bi masu sana'o'i wuraren aikinsu yana rubuta cutukan da ke kama su, har ya yi maganar yadda zama ke tanƙwara bayan teloli da masu ɗinkin takalma. Shi ne ya ce likita ya ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda ya saba yi wa marar lafiya: "Wace sana'a kake yi?" Yau sama da shekara 300 ke nan, har yanzu ba kasafai ake yin wannan tambaya a bakin kemis ba.

Ban faɗi ba, ban yi hatsari ba. Ta yaya aiki zai ji min ciwo?

Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Tsoka da jijiya da gaɓoɓi suna ɗan gajiya a kowace rana, su kuma warware idan sun sami hutu. Idan gajiyar ta fi hutun yawa, sai ta riƙa taruwa. Abubuwan da ke tara ta sanannu ne: nauyi, maimaita motsi iri ɗaya sau ɗaruruwa, daɗewa a zama ko tsayuwa ɗaya, sunkuyo da murɗa ƙugu, aiki da hannu sama da kai, da girgizar inji ko ta mota. Idan biyu ko uku suka haɗu a sana'a ɗaya, abin ya fi saurin bayyana. Shi ya sa mutum zai ce, "Buta kawai na sunkuya zan ɗauka, sai bayana ya riƙe." Butar ba ta da laifi, a kanta dai lissafin ya cika.

Akwai kuma abin da ba a cika kawowa ba. Ƙarancin barci, damuwa, da aiki ƙarƙashin maigidan da ba ya barin a numfasa, duk suna ƙara wa ciwo ƙarfi, suna kuma sa ya daɗe. Shan taba da ƙiba ma haka.

Mutane na ce min sanyi ne, wasu su ce basir. Ba shi ba ne?

A wurinmu kusan duk ciwon da ke tsakanin wuya da gwiwa, ko sanyi ne ko basir. Ga gwaji mai sauƙi. Ka lura da ciwon na mako biyu. Yana ƙaruwa da yamma bayan aiki? Yana lafawa ranar Juma'a ko Lahadi da ba ka fita ba? Ya tafi lokacin hutun sallah ya dawo kwana uku da komawa shago? To ka dubi kujerarka kafin ka sayi jarkar maganin basir ta uku.

Nauyi nawa ya kamata mutum ɗaya ya ɗauka?

A nan ne alƙaluma da rayuwarmu suka yi hannun riga. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ɗora lissafinta a kan kilo 23, kuma wannan idan komai ya daidaita ne: kayan na jikinka, a daidai ƙugu, da wurin riƙo mai kyau, babu murɗawa, ba kuma a kai a kai ba. Duk sharaɗin da ya faɗi, adadin sai ya ragu. A Ingila ma'aunin da ake bai wa masu kamfanoni shi ne kilo 25 ga namiji, 16 ga mace, idan kayan na kusa da jiki a wajen ƙugu. Idan daga ƙasa za a ɗauko, na namiji ya koma kilo 10. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuwa tun a 1967 ta ba da shawarar cewa duk inda namiji baligi ke ɗaukar fiye da kilo 55, a hanzarta rage shi.

Yanzu ka dubi namu. Jarkar ruwa mai lita 25, kilo 25 ce cif, kuma ɗan ga-ruwa biyu yake ɗauka, ɗaya a kowane hannu. Buhun siminti kilo 50. Buhun masara a Dawanau yakan kai kilo 100. Ka tsaya gefen tirela ana lodi ka gani: mutum biyu su cicciɓa buhu su ɗora wa na uku a ka ko a wuya, ya hau katakon da aka jingina yana lilo a ƙarƙashinsa, ya juya, ya jefar, ya sauko da sassarfa don biya a kan kowane buhu ake yi. Wannan biyan shi ne babban abin da ke hana hutu, ba taurin kai ba.

Ba wanda zai ce ɗan dako ya ajiye sana'arsa. Abin da ke hannu shi ne a rage tazara da yawan ɗagawa. A matso da mota kusa da sito. A jera kaya masu nauyi a tsayin ƙugu, marasa nauyi su hau sama. Inda hanya ta ba da dama a sa kura ko baro, kuma turawa ta fi ja sauƙi ga baya. Katakon hawa ya zama mai faɗi, marar gangara sosai. Buhun da ya wuce kilo 50 a yi masa biyu-biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To yaya ake ɗaga kaya daga ƙasa?

Ka fara taɓa kayan ka ji nauyinsa. Ka matso har ya kusa shiga tsakanin ƙafafunka, ƙafa ɗaya ɗan gaba. Ka lanƙwasa gwiwa da ƙugu tare, ka riƙe da kyau, ka miƙe a hankali ba da fizga ba, kayan na manne da jikinka. In za ka juya, juya da ƙafafu, kar ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Kusancin nan shi ne ya fi komai: bokitin da ka riƙe nesa da jiki yana ɗora wa ƙasan baya nauyi ninkin wanda ka rungume.

Sai dai a faɗi gaskiya. Binciken da aka tattara ya nuna koyar da ma'aikata salon ɗagawa shi kaɗai ba ya rage ciwon baya sosai. Kamfanin da ya tara ma'aikata ya yi musu bitar awa biyu, ya manna hoto a bango, sannan ya bar musu buhu mai kilo 100, kansa ya wanke, bai gyara komai ba.

Bel ɗin nan mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙugu yana kare baya?

Babu hujjar haka. An bi ma'aikatan shagunan Walmart sama da 13,000 a Amurka, aka buga sakamakon a 2000, ba a ga bambanci tsakanin masu ɗaurawa da marasa ɗaurawa ba. Haɗarinsa ma shi ne ya ba ka ƙwarin gwiwar ɗaukar abin da ya fi ƙarfinka. Wanda likita ya rubuta wa na ɗan lokaci, nasa daban.

A ofis nake wuni gaban kwamfuta, kuma ba za a saya min kujera mai tsada ba. Me zan yi?

Kujerar dubban ɗaruruwa ba ita ce maganar ba. Da wadda kake da ita, fara daga gwiwar hannu: idan ka sauke kafaɗu ka ɗora yatsu a kan madannai, gwiwar hannunka ta zama kusan daidai da saman teburi. In teburin ya yi tsawo, sa matashi ka ɗaga zamanka. In ƙafafu suka yi reto, sa katako ko damin takarda su taka. Ka matsa har ƙugunka ya taɓa majingina, ka naɗe tawul ka sa a ramin ƙasan baya. Saman allon kwamfutar ya zo daidai idonka ko ƙasa kaɗan, nisansa kamar tsawon hannunka, kuma a gabanka sak, ba a gefe ba. Mai gilashin da ke da na karatu a ƙasa ya ƙara sauke allon, don kar ya riƙa ɗaga haɓa. Linzamin kwamfuta ya zauna kusa da madannai. Kar ka maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa kana rubutu.

Bayan duk wannan, babu zaman da ya kai kyan da za a yi awa huɗu a cikinsa. Kowane minti 30 zuwa 45 ka tashi, ko da ruwa za ka ɗebo. Azahar da la'asar sun riga sun raba mana wuni, sai a ƙara wasu tashin a tsakani. Ido ma na son nasa hutun: duk minti 20 ka kalli wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20.

Kwamfutar cinya fa, da waya?

Kwamfutar cinya an gina ta da aibi ɗaya: allo da madannai a haɗe suke, in wuya ya ji daɗi hannu ya wahala, in hannu ya ji daɗi wuya ya sunkuya. In za ka daɗe a kanta, ɗora ta kan littattafai ka sayi madannai da linzami na daban.

Kan babban mutum ya kai kilo 5. A tsaye bisa wuya ba a jin sa, amma da ka sunkuyar da shi tsokokin ƙeya ne ke riƙe da shi kamar igiya. Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, masu POS, da ɗaliban da ke karatu a waya, su ɗaga abin zuwa ido maimakon su kai ido wurinsa. Sunkuyon ɗan lokaci ba ya ɓata wuya, daɗewar ce ke yi.

Ni tela ne. Tsakanin kafaɗuna kamar an hura wuta, musamman gab da sallah.

Shiga shagon tela a goman ƙarshe na azumi, wajen ƙarfe biyun dare. Benci ne na katako marar majingina, ya zauna a bakinsa. An ɗauke wuta, fitilar caji na rataye can bayansa, inuwar kansa ta rufe allura. Don ya ga ɗinkin sai ya kai fuska kusa da ƙafar keke, wuya ya miƙe gaba, kafaɗu sun hau kunne. Ƙafa ɗaya ke taka feda, ɗayar a naɗe. Haka zai kai asuba.

Abu na farko a nan haske ne, ba kujera ba. Wuya bin ido yake yi. Sa ƙaramar fitila a jikin keken, tana haska allura daga gefe, za ka ga ka miƙe da kanka. In ka haura shekara 40 kuma zare ya fara yi maka wuyar zurawa, je a gwada idonka. Gilashin karatu na iya zama maganin ciwon wuyanka. Sai kujera mai majingina, a matso da ita har ciki ya kusa taɓa teburin keke, ƙafa biyu a kan feda. Yankan yadi a daina yinsa a ƙasa ko kan teburin da bai wuce cinya ba. A sa bulo a ɗaga ƙafafunsa ya kai kusa da gwiwar hannu. A kuma cuɗanya aikin: ɗinki, yanka, guga, sa maɓalli, maimakon awa shida a kan keke sannan awa uku a guga. Magana ta ƙarshe ba ta da daɗin ji: karɓar ɗinki 60 a lokacin da 40 ne zai yiwu, ba kujerar da ke gyara shi.

Masu ɗinkin hula, masu kitso da masu lalle duk wannan ya shafe su. Mai kitso ta zaunar da wadda take yi wa a inda ba sai ta ɗaga kafaɗa ko ta duƙa ba, ta kuma miƙe tsakanin kai da kai.

Direbobi fa?

Direba na haɗa zama da girgiza, kuma titunanmu ba sa taimakawa. A matso da kujera yadda za a taka kuloci har ƙasa ba tare da ƙugu ya bar majingina ba. A cire walat da waya daga aljihun baya. Soson kujerar da ya mutu a canza shi. A doguwar hanya irin ta Kano zuwa Legas a tsaya duk awa biyu a taka ƙasa. Kuma da an iso, kar a diro a kama sauke kaya nan take. A ɗan zagaya tukuna, don bayan da ya sha zama da girgiza bai shirya ɗaukar nauyi ba.

Noma da aikin gida ai dole ne sai an duƙa.

Ba duka ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka an haramta sa leburorin gona aiki da fartanya mai gajeriyar ƙota tun 1975, saboda yadda take naƙasa baya. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: sungumi a tsaye ake shuka da shi, kuma manoma da yawa a Nijar da doguwar ƙota suke noman rairayi, suna turawa a tsaye. Ƙasa mai tauri ba ta yarda da wannan, amma ko a nan ƙara tsawon ƙota da miƙewa a ƙarshen kowace kunya na rage wahala.

A gida, Hajiya, aikinki ma aiki ne ko ba a biyan albashi. Tsintsiya a sa mata sanda. Bahon wanki a ɗora shi kan benci ko dakali, ko ki zauna a kujera 'yar tsugune maimakon ki tsaya a duƙe. Ruwa a raba shi bokiti biyu ƙanana, ɗaya a kowane hannu. Yaro kuwa ki durƙusa ki jawo shi jiki kafin ki miƙe da shi.

Yatsuna na yin dindiris da dare har sai na yarfe hannu. Me ke kawo shi?

Idan babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, galibi jijiya ce ta matsu a wuyan hannu, inda take ratsa wata 'yar ƙunƙuntar hanya tare da jijiyoyin motsa yatsu. Riƙo da ƙarfi a kai a kai, aiki da wuyan hannu a lanƙwashe, da inji mai girgiza na jawo shi. Juna biyu da ciwon suga ma na kawo shi, don haka a gwada suga. Abin ɗauri mai tauri da ke miƙar da wuyan hannu lokacin barci yana taimakawa. In abu ya fara suɓucewa daga hannunki, ko tsokar gindin babban yatsa ta fara motsewa, kar a jira.

Bayana ya riƙe. In kwanta har sai ya saki?

A'a. Kwana ɗaya ko biyu na sassauci ya isa, daga nan motsi ya fi kwanciya. Yi tafiya gwargwadon iyawa, gasa wurin da ruwan ɗumi, koma aiki da sauƙaƙƙen ɓangarensa. Mafi yawan irin wannan ciwo na lafawa cikin mako shida. In bai lafa ba, ko yana yawan dawowa, nemi likitan fisiyo, wato mai yin magani ta hanyar gashi da motsa gaɓoɓi. Akwai su a Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi. Abin da aka fi samun hujja a kansa wajen hana ciwon dawowa shi ne motsa jiki a kai a kai. Ɗan dako zai ce ai shi kullum cikin motsa jiki yake. Aikin ƙarfi na gajiyar da wuri ɗaya ne, atisaye kuwa na ƙarfafa wuraren da aikin ya bari.

Haɗin kemis fa? Ina jin daɗinsa.

Za ka ji, shi ya sa yake da haɗari. Yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokaci duka biyun, alhali aikinsu ɗaya, illarsu ce ke ninkuwa: gyambon ciki, zubar jini a hanji, hawan jini da lalacewar ƙoda. Ga mai aiki cikin rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba, ƙodar ta fi shiga haɗari. Wasu kan jefa dexamethasone ko prednisolone, waɗanda shansu na dogon lokaci ke tayar da suga, ya kuma raunana ƙashin da ake son gyarawa. Tiramol kuwa mun ga inda ya kai matasanmu, kuma da yawa da "don in iya aiki" suka fara. Maganin ciwo na 'yan kwanaki ne, bisa shawarar likita, kuma ka san sunan abin da kake haɗiya.

Ƙaho da tausa da man zafi?

Tausa da man zafi na ba da sauƙi na ɗan lokaci, ba laifi. Ƙaho ma wasu na jin sauƙinsa, amma aska ta zama sabuwa, saboda ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a taka bayan mutum ko a murɗe masa wuya da ƙarfi alhali ba a san abin da ke ciki ba.

Ba gara in yi hoto in ga abin da ke ciki ba?

Yawancin ciwon baya ba ya buƙatar hoto, kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya nuna wani abu guda a ce shi ne sanadi. Hoton MRI kuma yana nuna abubuwan da ba su ne ke ciwo ba. Wani nazari na 2015 a kan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan ya samu kusan kashi 30 na 'yan shekara 20 da faifan gadon baya, wato ɗan matashin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, da ya ɗan bulluƙo, a 'yan shekara 80 kuwa sama da kashi 80. Kamar furfura ce ta ciki. Mutum ya kashe kuɗi mai yawa, a ce masa "ƙashinka ya goge", tsoro ya hana shi motsi, ciwon ya ƙaru. Bari likita ya duba ka, shi zai ce ko hoton na da amfani.

Yaushe ne abin ya wuce na gida?

A tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, ko bayan gida na kufcewa, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu, ko ƙafa na rasa ƙarfi. Haka idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko hatsari. A ga likita da wuri idan akwai zazzaɓi, rama, zufar dare, ko ciwon da ba ya lafawa ko a kwance. Tarin fuka na kama ƙashin baya, kuma ana ganin sa a ƙasarmu. Mai sikila da ƙugu ya dama, dattijon da ke da matsalar fitsari tare da ciwon baya, da duk wanda ya taɓa ciwon daji, kar su ɗauka na aiki ne kawai. Ciwon kafaɗa ko hannun hagu da ya zo da nauyin ƙirji da zufa kuwa, zuciya ake fara tunani.

Idan aikin kamfani ne ya naƙasa ni, ina da haƙƙi?

A Najeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke gudanarwa. Mai ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma ba a yarda ya cire daga albashinka ba. Dokar ta haɗa da rauni da cutar da aiki ya jawo. Ana so ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto hukumar cikin kwana 7. Ciwon da ya taru a hankali ya fi karaya wuyar tabbatarwa, don haka ka kai ƙorafi a rubuce tun yana ƙarami, ka riƙe kwafi, ka adana katin asibiti da takardun gwaji, ka kuma tabbatar likita ya rubuta irin aikin da kake yi.

Mafi yawan masu ɗaukar nauyi a kasuwanninmu ba su da takardar ɗaukar aiki, balle wanda zai zuba musu wannan kaso. Su ƙungiyarsu ce madogara. Shugabannin 'yan dako da na 'yan kasuwa na iya zama su yanke iyakar nauyin buhu, su sayi kura ta haɗin gwiwa, su gyara katakon lodi, su kuma ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don wanda bayansa ya kwantar da shi.